Darasi: idan sunan index ya yi karo a PostgreSQL

Assalamu alaikum, barkanku da warhaka daga nan Agege. Ku buɗe psql, wato manhajar da muke rubuta wa PostgreSQL umarni, mu ci gaba da rumbun bayanan 'yan tumatir na kasuwar Mile 12.

Teburin dillalai yana nan, mun hana lambar waya maimaituwa da CONSTRAINT uq_waya UNIQUE. Ga na direbobi, shi ma uq_waya. Mu danna. To kun gani: relation "uq_waya" already exists, wato kuskure 42P07.

A nan nake so ku natsu. Duk lokacin da ka sa UNIQUE, PostgreSQL yana gina index, wato jerin da yake amfani da shi wajen nemo bayanai da sauri, mai suna iri ɗaya da constraint ɗin. Shi kuwa index ba a ƙarƙashin teburinsa ake rajistar sunansa ba, a schema ne, wato sashen rumbun da ke tattara tebura, wuri guda da sunayen tebura da sequence (abin da ke fitar da lambobi bi da bi). Wanda ya saba da MySQL, wata manhajar rumbun bayanai, shi ya fi shan wahala, don can kowane tebur da nasa sunayen, ka maimaita uq_waya a tebur goma ba abin da zai faru. Ka kwaso wannan tsarin zuwa nan, tebur na biyu zai tsaya cak.

Ni dai na fi son a fara da sunan tebur: direbobi_waya_key. Ko ka ƙyale shi ba suna, PostgreSQL zai raɗa da kansa, in ya tarar da irinsa ya ƙara 1 a ƙarshe.

Tarko na gaba: ka sauya wa tebur suna, index ɗinsa bai sauya ba. Ku duba da \dt... a'a, \di, shi ne na index. Ga tsohon sunan nan zaune. ALTER INDEX uq_waya RENAME TO dillalai_waya_key, constraint ɗin ma ya bi shi.

Don Allah kar ku rufe matsalar da sa IF NOT EXISTS wajen gina index. Suna kawai yake dubawa. In ya ga index na dillalai sai ya wuce, teburin direbobi ya zauna ba kariya, lamba ɗaya ta shiga sau biyu.

Sai tsawo. Iyakar suna bayit 63 ne, abin da ya haura a datse shi, dogayen sunaye biyu masu farko ɗaya su zama guda. Kuma ƙ da ɗ kowanne bayit 2 yake ci a UTF-8, tsarin adana haruffa, ku lissafa da su. Yanzu mu sake gina teburin direbobi.