Daga masana'anta zuwa daji: yadda makami ke sauya hannu

Ban da 'yan bindigogin da maƙera ke harhaɗawa a ɓoye, kusan kowace bindigar yaƙi da aka gani a kafaɗar ɗan ta'adda a dajin Zamfara, ko a hannun mayaƙi a Darfur, ta fito ne daga masana'anta mai rajista, an buga mata lamba, sannan wani jami'in gwamnati ya sa hannu a takardar da ta ba da izinin fitar da ita daga ƙasar da ta ƙera ta. A wannan bidiyo za mu bi sawunta, mu ga inda take kauce wa hanya.

Ƙasashen da ke sayar da manyan makamai ba su da yawa. Alƙaluman cibiyar SIPRI mai bin diddigin cinikin makamai, da ke birnin Stockholm, sun nuna cewa tsakanin 2020 da 2024 Amurka kaɗai ta fitar da kusan kashi 43 cikin 100 na manyan makaman da aka yi cinikinsu tsakanin ƙasashe, Faransa da Rasha da China da Jamus na biye da ita. Huɗu daga cikin waɗannan biyar suna da kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato kwamitin da aka ɗora wa alhakin tsare zaman lafiyar duniya. Amma abin da ya fi kashe mutane a yankinmu shi ne ƙananan makamai, waɗanda cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta cewa a 2017 sun haura biliyan ɗaya a faɗin duniya, kuma kimanin miliyan 857 daga cikinsu suna hannun fararen hula.

Duk wannan ciniki ya dogara ne da wata takarda guda, wadda mai saye ke bayarwa yana shaida cewa makaman a hannunsa za su tsaya, ba zai miƙa wa kowa ba. Idan aka sami jami'in da zai buga hatimi a kan ƙarya, an gama. A watan Maris na 1999 wani jirgin sama ya sauke tan 68 na makamai daga Ukraine a Wagadugu, bisa takardar da ta ce na sojojin Burkina Faso ne. Cikin 'yan kwanaki aka ci gaba da kwashe su zuwa Laberiya, wadda a lokacin take ƙarƙashin takunkumin sayar da makamai, kuma kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana wannan hanya a rahotonsa na shekarar 2000 kan yaƙin Saliyo mai maƙwabtaka da Laberiya, yaƙin da 'yan tawayen RUF suka yi ƙaurin suna wajen datse wa fararen hula hannuwa. Wani lokacin ma ba a buƙatar hatimin kowa, sauya sunan kaya ya isa. A watan Oktoba na 2010 jami'an tsaron Najeriya suka buɗe kwantena 13 a tashar jiragen ruwa ta Apapa, waɗanda aka rubuta cewa kayan gini ne a ciki, sai ga rokoki da gurneti da aka ɗauko daga Iran.

Akwai kuma hanyar da ta fi waɗannan sauƙi, wato rumbun gwamnati da aka fasa. Bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011, makaman da Libiya ta shafe shekaru tana saye da kuɗin mai, kuma da takardun halas, sun bazu cikin Sahara, wasunsu suka bayyana a tawayen arewacin Mali a 2012. Bindiga ƙirar Kalashnikov tana iya yin shekaru da dama tana aiki, saboda haka gwamnatin da ta saye ta takan shuɗe ta bar ta, ita kuwa ta ci gaba da tashin ƙauyuka da hana manoma zuwa gona.

Masu fafutuka sun daɗe suna cewa dokokin da ke tsara cinikin ayaba tsakanin ƙasashe sun fi na cinikin bindiga tsauri, kuma ba ba'a suke yi ba. A 1997 tsohon shugaban Kosta Rika, Oscar Arias, ya jagoranci wasu da suka sami kyautar Nobel ta zaman lafiya suka gabatar da daftarin ƙa'idojin cinikin makamai. A 2003 ƙungiyoyin Amnesty International da Oxfam da IANSA suka ƙaddamar da gangamin Control Arms, wanda ya tara hotunan fuskokin mutane miliyan ɗaya aka miƙa wa Kofi Annan a 2006. A wannan shekarar ce kuma ƙasashen ECOWAS suka amince da tasu yarjejeniyar kan ƙananan makamai. Sai a ranar 2 ga Afrilun 2013 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da Yarjejeniyar Cinikin Makamai da ƙuri'a 154, yayin da Iran da Siriya da Koriya ta Arewa suka ƙi, ta kuma fara aiki a watan Disamba na 2014. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da ita.

Yarjejeniyar ba ta haramta sayar da makamai ba. Abin da ta haramta shi ne ƙasa ta ba da izinin fitar da su alhali ta san za a yi kisan ƙare dangi da su ko a kai wa fararen hula hari, ta kuma wajabta auna haɗarin kafin a sa hannu. Rauninta a fili yake, domin ba ta da 'yan sanda, kuma mai sayarwa shi ne alƙalin kansa. Rasha ba ta shiga ba, Amurka ta sa hannu a 2013 amma ba ta tabbatar ba, sannan Shugaba Trump ya sanar da janye sa hannun a 2019. China kuwa ta shiga a 2020.

Yaƙin Yemen ya gwada yarjejeniyar gwaji mai tsanani. A watan Agusta na 2018 wani bam da jiragen ƙawancen da Saudiyya ke jagoranta suka jefa ya faɗa kan motar ɗalibai a garin Dahyan, ya kashe yara 40, kuma ɓaraguzansa sun nuna cewa ƙirar Amurka ne. A Birtaniya, wadda ke cikin yarjejeniyar kuma take sayar wa Saudiyya jiragen yaƙi da bamabamai, ƙungiyar CAAT mai adawa da cinikin makamai ta kai gwamnati ƙara, kuma a watan Yuni na 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukuncin cewa ministoci sun saɓa wa doka, tun da ba su tantance ko hare-haren da aka kai a baya sun keta dokokin yaƙi ba. Aka dakatar da ba da sababbin lasisi. A watan Yuli na 2020 gwamnatin ta ce ta sake nazari, ta gano cewa abubuwan da suka faru ɗaiɗaiku ne, ba ɗabi'a ba, sannan ta ci gaba da ba da lasisin.