Furotin Nawa Ɗan Kwikwiyon Ƙaramin Kare Yake Bukata? Ga Yadda Ake Karanta Buhun Abincinsa

Ga buhu biyu a kan tebur, ga kuma gwangwani ɗaya. A jikin buhun farko an rubuta furotin kashi 20 cikin ɗari, na biyu kashi 28, gwangwanin kuwa kashi 8 kacal. Da za a ce ku zaɓa wa ɗan kwikwiyo mai wata biyu, yawancin mutane gwangwanin za su fara turewa gefe. Alhali a cikin ukun nan shi ne ya fi furotin. Za mu yi lissafin tare, amma bari mu fara sanin karen da muke magana a kansa.

Ƙananan karnuka su ne waɗanda ko sun gama girma ba sa wuce kilo 10, irin su Chihuahua, Pomeranian, Maltese, Yorkshire Terrier, Shih Tzu da Lhasa Apso. Girmansu na gaggawa ne: tsakanin wata 9 zuwa 12 sun kai iyakar jikinsu, yayin da babban kare yake iya haura wata 18 yana ci gaba da girma. Jikinsu yana ƙone abinci da sauri, cikinsu kuma ɗan mitsitsi ne. Saboda haka kowace loma sai ta zama mai amfani, babu wurin cika ciki da dusa.

To nawa ne ma'aunin? Ƙungiyar AAFCO ta Amurka, mai tsara ma'aunin abincin dabbobi, wadda kamfanoni da yawa suke bin ƙa'idarta, ta sa mafi ƙarancin furotin ga kare mai tasowa a kan kashi 22.5 cikin ɗari, ga karen da ya gama girma kuma kashi 18. Takwararta ta Turai, FEDIAF, ta raba abin biyu: kashi 25 kafin kwikwiyo ya cika mako 14, sannan kashi 20 bayan nan. Waɗannan lambobi ƙasan ma'auni ne, ba inda ake so a tsaya ba. Abincin ƙananan kwikwiyoyi mai kyau yakan faɗa tsakanin kashi 27 zuwa 32.

Sai dai duk waɗannan lambobi ana ƙirga su ne bayan an cire ruwan da ke cikin abincin, kuma nan ne mutane suke ruɗewa. Lambar da ke jikin buhu ta haɗa da ruwa. Ku nemi inda aka rubuta yawan danshi, ku cire shi daga 100, ku raba furotin da abin da ya rage, sannan ku ninka sau 100. Buhun farko danshinsa kashi 10 ne, saura 90. Raba 20 da 90, ya ba mu kusan 22.2, wato ya gaza ma'aunin kwikwiyo, abincin karen da ya gama girma ne. Buhu na biyu, 28 a kan 90, ya ba mu 31. Gwangwanin kuwa ruwa ne kashi 78, busasshen abin da ke ciki 22 ne kawai. Raba 8 da 22, sai ga 36. Kun ga wanda aka raina shi ne a gaba.

Yanzu abin da ya fi lambar muhimmanci, wato daga ina furotin ɗin ya fito. A ɗakin gwaji ba furotin ake aunawa kai tsaye ba. Sinadarin naitirojin ake aunawa, a ninka shi sau 6.25. Ke nan duk abin da ke ɗauke da naitirojin zai ɗaga lambar, ko jikin kare zai iya amfani da shi ko ba zai iya ba. A shekarar 2007 an ga illar wannan a Amurka, lokacin da aka gano sinadarin melamin a cikin kayan haɗin abincin dabbobi da aka shigo da su daga Sin. An zuba shi ne don gwaji ya nuna furotin da yawa, ya lalata ƙodar karnuka da kyanwoyi, har aka janye kayayyaki masu ɗimbin yawa daga kasuwa.

Don haka ku juya buhun, ku karanta jerin kayan haɗi. Ana jera su ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, kuma nauyin kafin a dafa ne. Ɗanyen naman kaza kusan kashi 70 nasa ruwa ne, idan aka gasa shi ya zama ƙwayoyi sai ya motse. Shi ya sa buhun da ya fara da ɗanyen kaza, sannan masara, sannan alkama, sannan shinkafa, yana iya zama hatsi ne ya fi yawa a ciki. Busasshen garin naman kaza ko na kifi ko na rago, wanda aka riga aka cire masa ruwa, ba abin gudu ba ne, furotin ɗinsa ma ya fi tattaruwa. Abin lura shi ne a ambaci sunan dabbar. Idan aka ce garin nama kawai, ba a ce na me ba, wannan yana iya canzawa daga buhu zuwa buhu. Waken suya da sauran furotin na tsirrai ba guba ba ne, amma bai kamata su ne za su ɗauki nauyin lambar ba.

Wani abin da ya wajaba ku gani a jikin buhun shi ne jimlar da ke cewa abincin cikakke ne kuma an haɗa shi don kare mai tasowa, ko don kowane matakin rayuwa. Hoton kwikwiyo a gaban leda ba shaida ba ce. Ku kuma dubi maiko, kada ya gaza kashi 8.5, kalsiyam kashi 1.2, fosfaras kashi 1, su ma bayan an cire ruwan.

A kan kalsiyam ɗin nan ake yin kuskuren da ya fi tsada. Mutum ya ji an ce kwikwiyo yana bukatar furotin, sai ya mayar da shi kan tsokar nama da hanta zalla, yana ganin gata ya yi masa. Nama cike yake da fosfaras amma kalsiyam ɗinsa kaɗan ne. Jikin kwikwiyon sai ya koma yana zarar kalsiyam daga ƙashinsa. Cikin 'yan makonni za a ga yana ɗingishi, ƙafafu sun lanƙwashe, wani ma ya karye daga tsalle ɗaya daga kan kujera. Haka nan idan abincin buhu cikakke ne, kada a ƙara masa garin kalsiyam a kai, yawansa ma matsala ce.

Adadin da za a ba shi fa? Ku ɗauki kwikwiyo mai kilo ɗaya, ɗan ƙasa da wata huɗu. Yana bukatar kusan kalori 210 a rana. Idan buhun ya nuna kalori 4,000 a kowane kilo, hakan ya kama kusan giram 52 a yini. A raba shi huɗu, giram 13 a kowane ci. Abin da bai cika tafin hannu ba ne, shi ya sa awo da ido ko da kofin shayi yake yaudara. Ku sayi ɗan sikelin kicin. Sau huɗu a rana har zuwa wata huɗu, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu.

Kada a tsallake lokacin ci. Waɗannan 'yan mitsitsin ba su da ajiyar sukari mai yawa a hanta, 'yan awoyi babu abinci sai sukarin jininsu ya faɗi. Alamarsa kasala, tangaɗi, karkarwa, wani lokaci har da suma. Idan kun ga haka, ku shafa masa ɗan zuma a dasashi, kada ku ɗura masa ruwa a baki, ku garzaya wajen likitan dabbobi. Girman ƙwayar abincin ma yana shiga nan: idan ta fi ƙarfin haƙoransa, zai bar ta. Ku zaɓi ƙanana, ko ku jiƙa su da ruwan ɗumi na minti goma, abin da ya rage kuma a zubar, musamman lokacin zafi.

Canza abinci sai a hankali, cikin mako guda. Kwana biyu na farko kashi ɗaya cikin huɗu na sabon, kwana biyu rabi da rabi, kwana biyu kashi uku cikin huɗu, rana ta bakwai sabon zalla. Wanda ya canza dare ɗaya zai tashi da zawo, ya kuma ɗora laifin a kan furotin.

Ga mai saye a kasuwanninmu, akwai ƙarin abin lura. Abincin da aka fasa buhunsa ana sayarwa a ƙulle-ƙullen leda ba shi da lamba, ba shi da ranar lalacewa, ba ku san na wane kare ba ne. Zafi yana sa maikonsa ya yi ɗoyi, danshin damina kuma yana kawo fumfuna, wadda gubarta take cin hanta. Ku sayi ƙaramin buhu a rufe, wanda zai ƙare cikin wata ɗaya zuwa mako shida, ku bar shi a ledarsa ta asali, ku sa a mazubi mai murfi a inuwa. Ragowar tuwo da miya kuwa ba abincin kwikwiyo ba ne, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare.

Bayan mako biyu zuwa uku, jikin kwikwiyon ne zai ba ku amsa. Kashinsa ya zama mai ƙwari wanda ake ɗauka ba ya manne wa ƙasa, gashi yana sheƙi, haƙarƙarinsa ana jin su da yatsa amma ba a ganin su, nauyi yana ƙaruwa duk mako. Idan yana ci sosai amma ciki ya yi tulu, gashi ya yi furu-furu, kafin ku zargi buhun ku sa likita ya duba tsutsar ciki. Yawanci ana ba kwikwiyo maganinta duk bayan mako biyu har ya kai mako 12.