Daga Ƙofar Wambai zuwa YouTube: wa ke riƙe da kasuwar fim ɗin Hausa yanzu?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya leƙa masana'antar finafinan Hausa ne, da irin juyin da wayar hannu ta kawo mata.

Duk wanda ya san Kano a farkon shekarun 2000 ya san cewa a kasuwar Ƙofar Wambai ake yanke wa fim hukunci. Furodusa zai kammala aikinsa, ya buga fasta da kwali, ya kai wa 'yan kasuwa. Su ne za su kwafi kaset, daga baya kuma faifan CD, su zura a kwalin, dillalai su kwasa zuwa Kaduna da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, har zangon Kumasi. Yawan kwalin da ya shige shi ne ma'aunin karɓuwar fim. Ana ta ƙorafin cewa 'yan kasuwa na danne haƙƙin masu shiryawa, kuma ƙorafin yana da tushe. Amma dai furodusa ya san shagon wanda yake bi bashi, ya san ubangidansa, in ta kai ta kawo akwai dattawan da za su zaunar da su a sasanta.

Wannan kasuwa ta durƙushe. Masu tura fim a waya, waɗanda ake kira 'yan dawunlodin, su suka fara karya ta: da kuɗi kaɗan za a cika maka katin wayarka da finafinai, wa zai kuma sayi faifai? Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta saba wa mutane da shiri mai dogon zango, mako-mako. Sai annobar korona ta zo a 2020, aka kulle jama'a a gida, idanu suka koma kan waya. Tun daga nan manyan furodusoshi da ƙanana kowa ya buɗe tasharsa a YouTube.

To, yaya kuɗi ke shigowa a can? Nan ne ya kamata mu tsaya mu duba da kyau. Kafin YouTube ya fara biyan mai tasha kuɗin talla, sai ya tara mabiya 1,000 da kuma sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara guda. Idan ya cika wannan sharaɗi, kamfanin zai ba shi kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da aka saka a bidiyonsa, ya riƙe sauran. A ido dai rabon bai yi muni ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, ba kowane mai kallo ne ke da daraja ɗaya a wurin masu talla ba. Abin da kamfani zai biya don tallarsa ta isa ga mutumin da ke Landan ko Jidda ya ninka abin da zai biya don ta isa ga wanda ke Gumel ko Tasawa, saboda ana auna ƙarfin aljihun ƙasar da mai kallo yake. Shi ya sa za ka ga shiri ya tara masu kallo har miliyan, ana ta yi wa furodusa barka, shi kuwa yana can yana lissafin kuɗin hayar kyamara da abincin ma'aikata da sallamar jarumai.

Kuma kada mai sauraro ya ɗauka kyauta yake kallo. Yana biya, sai dai ba mai fim yake biya ba. Kamfanin sadarwa ne ke karɓa ta hanyar data, wadda a watan Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince a ƙara kuɗinta da na kira har zuwa kashi 50 cikin 100.

Wannan tsari ya fara sauya kamannin labaran kansu. YouTube yana ba da damar cusa talla a tsakiyar bidiyo idan ya kai minti 8, kuma yana fifita abin da ke riƙe mutum a kan allo. Saboda haka labarin da zai ƙare a zango biyu sai a ja shi zuwa goma. A zauna a falo a yi ta maimaita maganar da aka yi a makon jiya. Ga kuma tallar da furodusa ke nemowa da kansa don cike giɓi: ana tsakiyar rikicin gado, uwa na kuka, sai a yanke a kawo maka mai maganin basir ko mai sayar da filaye, ya shafe mintuna yana zuba. Ban ga laifin mai neman halalinsa ba, amma marubucin da ya kwana yana tsara wannan fitowa an yi masa kisan mummuƙe.

Hukuma ma ta shiga tsaka mai wuya. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, lokacin da fim abu ne da ake riƙewa a hannu, ana iya zuwa shago a kwashe. A watan Mayun 2025 ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 bisa zargin sakin su ba tare da an tace ba. Tana iya yin haka domin masu shirya su sanannu ne, suna da ofisoshi a Kano. Yaron da ke ɗaki da waya ɗaya yana ɗora barkwanci a TikTok daga Agadas ko Yawunde fa? Kuma shi ne ke jan hankalin matasa a yau, har ta kai wasu furodusoshi na duba yawan mabiyan mutum kafin su duba ko ya iya wasa.

Ga ƙirƙirarriyar basira ta AI ita ma ta ƙwanƙwasa ƙofa. An fara jin waƙoƙin Hausa da na'ura ta rera. Masu fassara finafinan Indiya da muryoyinsu, da mawaƙan da ke rayuwa da aikin situdiyo, su ne na farko da ya kamata su buɗe ido.

Abin da ya fi damuna a duk wannan shi ne masana'antar ta zama 'yar haya a gidan da ba ta san mai shi ba. Ranar da YouTube ya sauya ƙa'idar biya, ko ya rufe tashar wani bisa ƙorafin haƙƙin mallaka, babu dattijon da za a je wa. Mun ga yadda aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu sana'a a kansa suka wayi gari ba kasuwa. Waɗanda ke jiran manyan kamfanonin waje su kawo ɗauki kuma su tuna cewa a farkon 2024 Amazon ya janye daga ɗaukar nauyin sabbin finafinai a Afirka. An gwada manhajojin gida irin su Northflix, inda mai kallo zai biya kai tsaye, sai dai furodusoshi ba su haɗa kai a kan guda ɗaya ba, kowa na jan nasa. Ƙungiyar masu sana'ar shirya finafinai ta MOPPAN da sauran shugabannin harkar suna da aiki a gabansu: su zauna da kamfanonin sadarwa a kan tsarin da mutum zai biya kuɗin kallo da katin waya, a raba da mai fim. Wanda ya saba sayen data kullum ba zai gagara biyan naira ɗari don shirin da yake so ba, in an sauƙaƙa masa hanya.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. A ci gaba da kasancewa da mu.