Lambu a Kan Rufi: A Jiƙe Ake Auna Nauyinsa

Kun ga rufin nan da tsirrai suka lulluɓe? Tun da hotunan irinsa suka fara yawo, tambaya ɗaya ake ta aiko mana: kankare za a zuba a ƙarƙashi, ko ƙarfe, ko katako?

Duk ukun suna aiki. Kankare mai rodi ya fi ƙarfi, har bishiyoyi yana ɗauka. Faifan ƙarfe mai lanƙwasa ba shi da nauyi, ga saurin ɗorawa. Katako ma ya iya, muddin lema ba ta shige shi ba. Mu wuce, ba nan ake tuntuɓe ba.

Ga inda ake faɗuwa. Mutum ya ɗaga buhun busasshiyar ƙasa da hannu ɗaya, ya ce ai wannan ba komai ba ne.

To, dubi tiren nan, murabba'in mita ɗaya. Bari mu zuba ruwa, zurfin santimita ɗaya kacal. Kalli sikelin. Kilo 10! Ita kuwa ƙasar lambu aikinta ke nan, ta sha ruwa ta riƙe. Lambu marar kauri, mai ƙasa kamar santimita 6 zuwa 15, idan ya sha ya ƙoshi yakan kai kilo 60 zuwa 150 a kowane murabba'in mita. Wato har buhun siminti uku. Mai zurfi kuwa, kilo 500 ba abin mamaki ba ne. Shi ya sa a Jamus, inda suka daɗe a harkar, ƙa'idar FLL, ƙungiyar masu bincike kan tsara lambuna, take lissafa nauyin ƙasa a jiƙe sharkaf.

Yanzu ku lura da tsakiyar faifan nan. Ya ɗan lotsa. Ruwa ya gangara ya kwanta a wurin, nauyi ya ƙaru, ya ƙara lotsawa, wani ruwan ya biyo. Bai karye ba tukuna, amma hanyar ke nan. Ƙarfe da katako sun fi fuskantar wannan, don haka a matso da bim-bim ɗin, wato sandunan da ke ɗauke da rufin, kusa da juna, a ba rufin ɗan gangare.

Ba mu ma sa mai hawa ban ruwa a lissafi ba, balle baƙin da za su zo ɗaukar hoto.

Ni dai ƙasar gona ba zan ɗora a rufi ba, ta cika nauyi. Akwai haɗi marar nauyi da ake yi don haka.

Idan tsohon gini ne, a kira injiniya ya duba kafin a hau da buhu ko ɗaya. A ba shi nauyin a jiƙe, shi zai ce kankare ne, ko ƙarfe, ko katako.