Me Ya Sa HPV Ke Barin Wata Mace, Ya Zauna Wa Wata?

Mata biyu ne, sa'o'in juna, kuma nau'in ƙwayar cutar HPV iri ɗaya ya shige su. Bayan shekara biyu aka sake gwada su. Ta farko ko alamar ƙwayar babu a jikinta. Ta biyu kuwa ƙwayar na nan daram, har fatar bakin mahaifarta ta fara sauya kama. Me ya raba su? Dalilan suna da yawa, amma yau kan guda za mu tsaya: irin garkuwar jikin da kowacce ta gada daga iyayenta.

Mu fara da ita ƙwayar. HPV ya haura nau'i 200, amma kusan 12 ne aka tabbatar suna jawo sankara. Biyu daga ciki, wato 16 da 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. A ɗakin binciken Bajamushen nan Harald zur Hausen aka gano su, a 1983 da 1984, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2008. Kamuwa da HPV ba abin mamaki ba ne, akasarin masu aure ko mu'amalar jima'i sukan gamu da shi a rayuwarsu, kuma kusan tara cikin goma jiki ke kawar da shi da kansa cikin shekara biyu. Matsala tana wajen wanda ya ƙi tafiya.

Akwai wani ɗan zobe a bakin mahaifa. Nan ne inda fatar cikin bakin mahaifa ke haɗuwa da ta waje, kuma a wannan ɗan zobe kusan duk ɓarnar ke farawa. Ƙwayar takan bi ta ƙaramar tsaga ta sauka can ƙasan fata. Idan ta daɗe, furotin biyu da take ƙerawa su ke yin aika-aikar. E6 yana lalata p53, mai gadin da ke tilasta wa lalatacciyar ƙwayar halitta ta mutu. E7 kuma yana kwance pRb, birkin da ke hana ƙwayoyin halitta rarrabuwa ba ƙaƙƙautawa. Daga nan sai sauyin da likitoci ke kira CIN, matakin da ke gaban sankara. Idan kashi ɗaya cikin uku na kaurin fatar ya sauya, CIN1 ke nan, kuma yawancinsa kan warke ba magani. Kashi biyu cikin uku, CIN2, wanda kusan rabinsa kan koma daidai cikin shekara biyu. In ya wuce haka, CIN3, kuma wannan ba a zuba masa ido.

To yaya jiki ke gane cewa akwai baƙo a cikin ƙwayar halittarsa, alhali baƙon na ɓoye a ciki?

A nan HLA ke shigowa. Tarin ƙwayoyin gado ne da ke kan kuromosom na 6 (kuromosom su ne zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta), masu ƙera wasu furotin da ke tsaye a bayan ƙwayoyin halitta. Kowane ɗaya yana da ɗan kwarmi a kansa. Ƙwayar halitta takan daddatsa furotin ɗin da ke cikinta, nata da na baƙo, ta ɗora guntu a kwarmin, ta miƙa shi waje. Rukunin farko, HLA-A da B da C, suna ɗaukar gajeren guntu mai sinadaran amino (tubalan ginin furotin) 8 zuwa 10, su nuna wa sojojin garkuwa da ake kira CD8, waɗanda aikinsu kisa ne. Rukuni na biyu, DR da DQ da DP, suna ɗaukar guntu mafi tsawo su nuna wa CD4, masu shirya yaƙin da ba da umarni. In soja ya ga guntun E6 ko E7 a kwarmi, sai a hallaka ƙwayar halittar da ta kamu tun kafin ta yi nisa.

Ga inda gado ya shigo. Kwarmin nan ba siffa ɗaya gare shi a kowa ba. Babu wani sashe na gadon ɗan Adam da ya kai HLA yawan bambanci, nau'o'insa dubbai ne, kuma kowa na karɓar rabi daga uwa, rabi daga uba. Kamar wuƙa da kube ne: ba kowace wuƙa ke shiga kowane kube ba. Wata macen kwarminta yana riƙe guntun HPV 16 gam, sojoji su gan shi da wuri. Wata kuma guntun ba ya zama sosai, sai ƙwayar ta samu sarari ta yi shekaru ba a farga da ita ba. Ita ma ƙwayar ba zaune take ba, furotin ɗinta E5 yana riƙe HLA na rukunin farko a ciki don kada su fito waje da yawa.

Binciken da aka maimaita a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa masu ɗauke da nau'in HLA da ake kira DRB1*13:01 haɗarinsu na sankarar bakin mahaifa ya fi ƙasa, haka ma masu B*15. Masu DRB1*15:01, ko DQB1*06:02, ko B*07:02 kuwa, nasu ya ɗan fi sama. Sai dai waɗannan ukun na ƙarshe sau da yawa tare ake gadonsu, a dunƙule ɗaya, shi ya sa ware wanda ke da ainihin laifin ke ba masana wahala.

A 2013 wani bincike da ya duba dukkan gadon dubban mata a Suwidin ya sake nuna yankin HLA, ya kuma fito da MICA. Wannan furotin tuta ce da ƙwayar halitta ke ɗagawa idan tana cikin wahala, don wasu sojojin da ake kira NK su gani. Akwai nau'insa, A5.1, da ke fitowa a gajarce, ba ya kafuwa a bayan ƙwayar halitta yadda ya kamata, kuma an danganta shi da ƙarin haɗari. A shekarar dai, bincike a ƙasar Sin ya gano wasu wurare biyu a kuromosom na 4 da na 17. A 2021 kuma, bayanan UK Biobank, rumbun bayanan lafiya da gado na Birtaniya, suka ƙara ƙwayoyin gadon PAX8 da CLPTM1L, tare da HLA ɗin dai.

Nawa ne rabon gado a cikin lamarin? Nazarin iyalai a Suwidin ya ƙiyasta kusan kashi 27 cikin 100 na bambancin haɗari tsakanin mata. A fahimci wannan da kyau, don nan ake yawan kuskure. Ba cutar ake gada ba, kuma ba a ce mace na da kashi 27 na kamuwa ba. Kowane nau'in HLA ɗan ƙaramin tasiri gare shi, kuma idan babu HPV mai haɗari, kusan babu abin da zai haifar. Mafi yawan binciken ma a kan matan Turai da gabashin Asiya aka yi, alhali nau'o'in HLA sun bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Wannan gibi ne babba, kuma dalili ne da ya sa har yau ba a amfani da gwajin HLA a asibiti don yanke wa mace hukuncin haɗarinta.

Abin da ya fi kowane nau'in HLA nauyi shi ne raunin garkuwa gaba ɗaya. HIV yana cin CD4 ɗin nan da muka ambata, shi ya sa mace mai ɗauke da shi ta ninka wadda ba ta da shi sau shida a haɗarin sankarar bakin mahaifa. Tafiyar da kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 takan taƙaita zuwa 5 ko 10. Magungunan danne garkuwa bayan dashen ƙoda su ma suna ƙara haɗari, haka shan taba.

Rigakafin HPV yana tare hanya tun daga ƙofa. Ɓawon ƙwayar ne kawai a cikinsa, babu gadonta, kuma yana sa jiki ƙera makaman da ke kama ta kafin ta shiga fata. Kusan duk yarinyar da aka yi wa tana samun wannan kariya. Amma ba ya korar ƙwayar da ta riga ta zauna, don haka aka fi so a yi shi tsakanin shekara 9 zuwa 14.

Ga manya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar gwajin HPV daga shekara 30, a maimaita duk bayan shekara 5 zuwa 10. Mai ɗauke da HIV ta fara daga 25, duk bayan shekara 3 zuwa 5. CIN ba ya ciwo, ba ya nuna alama, gwaji ne kaɗai ke tona shi. In an ga sauyi kuma dukkan zoben yana bayyane, ana iya ƙona wurin da na'ura mai zafin digiri 100, ko a daskarar da shi. In ya faɗaɗa ko ya shige ciki, sai a yanke shi da zoben waya mai lantarki a kai ɗakin gwaji. Bayan shekara guda a dawo a sake gwadawa, domin a wasu matan ƙwayar takan saura ko bayan an cire fatar da ta sauya.