Renon Dashen Itatuwa: A Fara Lissafi Daga Damina

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Malamai da shugabannin ƙungiyoyin manoma, na gode da wannan dama.

Maganar da zan fi tsayawa a kai ita ce lokaci. Dashen da aka rena a leda yana bukatar wata 3 zuwa 4 kafin ya isa fita gona, kuma a ƙasarmu sai cikin watan Yuli damina take zama sosai. To ku yi lissafi baya: shukar iri ta faɗo a Maris ko Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyi suke ja baya. Shi ya sa ba a kafa wurin reno sai inda ruwa yake da tabbas, kuma a kewaye shi da shinge tun kafin a zuba ƙasa a leda ko ɗaya, saboda awaki. Amma sau da yawa sai ka ga ana bikin rabon dashe a ƙarshen Agusta, ruwa ya kusa ɗaukewa. A ganina wannan asarar kuɗi ce kawai, ko da gwamna ne ya dasa na farko.

Ƙasar leda kuwa haɗi ce: ƙasar gona, yashi, da takin da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.

Sai iri. Kowane itace da halinsa. Irin bagaruwa da gawo da kuka ɓawonsu tauri gare shi. Ko dai a zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana a ciki, ko a ɗan kankare gefe guda. Ku lura, gawo yakan tsiro inda dabbobi suka yi kashi, domin cikin dabba ya riga ya yi masa wannan aiki. Darbejiya kuma akasin haka ce: irinta ba ya jure ajiya, cikin 'yan makonni ya mutu, don haka ɗanye ake shukawa. Da ita aka yi layukan kare iska a kwarin Majiya na jihar Tawa a Nijar tun 1975. Irin itacen turare ƙanana ne ƙwarai, sai an yayyafa a fage sun tsiro sannan a mayar cikin leda.

Abu biyu masu reno suka fi mantawa. Saiwa takan huda leda ta shige ƙasa, ranar ɗauka ta tsinke, dashen ya yi yaushi. Maganinsa a riƙa ɗaga ledojin ana gusar da su duk bayan mako biyu ko uku. Na biyu, horo. Idan saura makonni kaɗan a fitar, a yaye rumfa, a rage ban ruwa, dashen ya saba da rana. Wanda aka shagwaɓa a inuwa yana da kyan gani, amma a fili ba ya kai labari.

Jihohi 11 na Arewacin Najeriya suna cikin shirin koriyar ganuwa, wato dashen itatuwa don tare kwararowar hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Kebbi har Borno, saboda haka masu neman dashe ba za su ƙare ba. Ranar dasawa dai a tsage ledar a cire ta, kada a binne da ita, a dasa da yamma bayan an yi ruwa, a kewaye da ƙaya. Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu.