Tsere Uku a Ranar da Yanayi Ya Ɓaci

(Laccar da wani mai horar da 'yan wasa ya gabatar wa matasa a Birnin Kebbi. An rubuto ta daga faifan murya.)

Assalamu alaikum. Ƙannena, sannunku da zuwa.

Gasar tsere uku, wato tirayatalon, ninƙaya ce da keke da gudu a jere, agogo ba ya tsayawa tsakaninsu. A San Diego ta Amurka aka fara ta yadda take a yau, a 1974, ta shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000. Zangon Olamfik ninƙayar mita 1,500 ce, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Ku masu farawa rabin wannan ya ishe ku: mita 750, kilomita 20, kilomita 5. Ruwa kuwa ba baƙonmu ba ne a Kebbi, duk wanda ya taɓa kallon kabanci, wato wasannin ruwa, a Matan Fada ta Argungu ya san muna da gwanaye. Abin da ya tara mu yau shi ne ranar da gari ya waye ba yadda aka so ba. Shawarar tsayawa ko ci gaba, tun kafin ranar ake yanke ta, a rubuta, a karanta wa kowa. Ɗan wasan da ya yi wata uku yana atisaye, jininsa ya ɗau zafi, ba zai iya yi wa kansa hukuncin gaskiya a bakin ruwa ba.

Mu fara da tsawa, domin ita ce ba a ciniki da ita. Hadarinmu na damina galibi daga gabas yake haɗowa, iska mai ƙura ta riga shi isowa. A sa mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai kallon sama, da usur a wuyansa. In ya ga walƙiya ya fara ƙirga daƙiƙa har ya ji cida. Sauti yana cin kilomita ɗaya ne a daƙiƙa uku, don haka in bai kai talatin ba, tsawar tana cikin kilomita goma daga gare ku, kowa ya fito. Ba a komawa sai an yi minti talatin da jin cida ta ƙarshe, in ta sake yi a sake ƙirga daga farko. Gindin bishiya ba mafaka ba ne, rumfar da babu bango ma haka. Gini ake shiga, ko mota mai rufin ƙarfe a ɗaga gilasai. Masu cewa robar tayar keke tana kare mutum, ku daina jin maganarsu. Abin da ya ratso kilomitoci a sararin sama, 'yar siririyar taya ba za ta tare shi ba.

Sai gulbi. Bayan ruwan sama mai ƙarfi, duk abin da ke cikin kwata da bola da gonaki gulbi yake gangarawa: kashin dabbobi, bahaya, taki, maganin feshi. Mai ninƙaya kuma ko ya ƙi ko ya so sai ya kurɓa. A gasar Olamfik ta Faris a 2024 sai da aka ɗage tseren maza da kwana ɗaya saboda ruwan sama ya gurɓata kogin Sen, su da ke da ɗakin gwaji ke nan. Mu da ba mu da shi, ƙa'idarmu ita ce in an sha ruwa mai yawa cikin kwana biyu da suka wuce, a soke ninƙayar, a mayar da ita gudu: gudu, keke, gudu. Haka ake yi a duniya, ba abin kunya ba ne. Ku kuma tuna gulbinmu yana iya cika ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka a nan ba, saboda madatsun Goronyo da Bakolori suna samanmu. A tambayi Sarkin Ruwa da masunta da asubar ranar, su suka san inda ruwa ke ja da inda yake juyawa. Masu son yin gasa a wajen Yauri kuma su tambayi inda dorina take kiwo.

In an yarda a shiga, kowa ya sa hula mai launi mai haske, a ƙirga mutane wurin shiga, a ƙirga wurin fita, kwalekwale su jeru a gefen hanya. Idan iska tana tayar da igiyar ruwa, ka juya fuska ka shaƙi numfashi ta ɓangaren da igiyar ba ta dukanka. Shi ya sa nake matsa muku ku koyi numfashi ta dama da ta hagu. Bayan kowane bugun hannu shida zuwa takwas, ɗaga ido ka nemi alamar da kake nufa, in ba haka ba ruwa zai karkatar da kai ka yi mita dubu a maimakon ɗari bakwai da hamsin. In ka kurɓi ruwa ƙirji ya toshe, juya rigingine, ɗaga hannu ɗaya, ka jira kwalekwale. In ruwa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi, bi shi a karkace har ka kai gaɓa.

A kan keke aka fi jin ciwo. Ruwan farko bayan rani ya fi kowanne santsi, domin yana taso da baƙin mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta wata da watanni. Birkin roba in ya jiƙe ba ya kamawa nan take, sai ƙafar keken ta zagaya ya share ruwan tukuna. Saboda haka tun daga nesa za ka fara taɓa birki, biyun tare, a hankali, ka gama rage gudu kafin ka shiga kwana. Wanda ya damƙe birkin gaba a tsakiyar kwana a jiƙaƙƙiyar kwalta, ƙasa zai sha. Ka rage iskar taya kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma, don ta ƙara kama ƙasa, amma kada ka zarce, in ta yi laushi da yawa ka faɗa rami bakin ƙarfen zai cije tub ɗin ya huda shi wuri biyu. Ka guji fentin titi da yashin da ruwa ke tarawa a bakin kwalbati. Kududdufi kuwa duk ƙanƙantarsa ka ɗauka rami ne a ƙasansa. Tun daren jajibiri a duba robar birki, a wanke sarƙa a sa mata mai, a ɗaure tub na ajiya da famfo a ƙarƙashin sirdi. Hular kwano a kai, an ɗaure maɗaurinta, kafin hannu ya taɓa keke. Wannan doka ce ta gasar ko'ina.

Wani abin da ake raina shi: sanyi. Ka fito daga ruwa, riga a jiƙe, kana gudun kilomita talatin a awa cikin ruwan Agusta, yatsu sai su ƙage har su kasa jan birki. Auduga tana riƙe ruwa, a sa rigar ƙwallo mai saurin bushewa. Takalmin gudu da safa a ƙulle su cikin leda a wurin canji, inda ake sauya kaya tsakanin zango da zango, a shafa basilin a tsakanin yatsun ƙafa da cinyoyi.

Hazon hunturu ba zan daɗe a kansa ba. In ba a hango mita ɗari biyu a titi, ba a sakin kekuna cikin motoci. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu.

Amma bazara, daga Maris zuwa Mayu, ita na fi tsoro, don sama tas take, kowa yana ganin lafiya lau, alhali zafi ya haura digiri 40. A tashi gasa da fitowar rana, a gama kafin hantsi ya dubi ludayi. Jiki yana buƙatar kwana goma zuwa sha huɗu na atisaye a cikin zafi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, kafin ya saba. Ku auna nauyinku kafin atisaye da bayansa, kowane kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ta zufa. Galibin mutane ledar fiya wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa ta ishe su, kurɓi-kurɓi, mafi yawa a kan keke inda ciki ba ya jijjiga. Ɗirkar ruwa zalla fiye da kima ma haɗari ne, yana tsinka gishirin jini, mutum ya kumbura ya rikice. A haɗa gora ɗaya ta ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ayaba ɗaya ko 'yan dabino a kan keke sun wadatar a gajeren zango.

Masu tsaron hanya, ku saurara da kyau. In kun ga ɗan wasa yana tangaɗi, yana magana ba kan gado, ko yana faɗa ba dalili, zafi ne ya taɓa ƙwaƙwalwarsa. Kada ku nemi izininsa, ku tsayar da shi. A kai shi inuwa, a tuɓe masa riga, a tsoma shi cikin baho na ruwan ƙanƙara har wuya ana riƙe da kansa, in babu baho a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita. Sanyaya jiki ake farawa da shi a nan take, a ci gaba da yi a cikin mota har asibiti. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

Wani ya tambaya a takarda game da tsargiya. Gaskiya ne, ana ɗaukarta a ruwan da ke da dodon koɗi, ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Da ka gama gasa ka yi wanka da sabulu, ka goge jiki sosai, duk da wannan ba ya ba da cikakkiyar kariya. In bayan 'yan makonni ka ji zazzaɓi, ko daga baya ka ga jini a fitsari, je asibiti ka gaya musu ka shiga gulbi, a gwada ka. Maganinta firazikwantel, gwargwadon nauyin jiki ake bayar da shi, don haka ma'aikacin lafiya ne zai ƙayyade maka adadin ƙwayoyin.